Yadda Fuseini Ya Karɓi Muryar Barde

Ku da kuke shigowa situdiyon nan da waya a hannu, kuna cewa ɗora murya ba wani aiki ba ne, mutum ya kalli fim ya yi ta surutu kawai, ku samu wuri ku zauna. Sunana Sani, mutumin Fagge ne ni a Kano, kuma na shekara goma sha bakwai ina wannan sana'a a hawa na shida na wani tsohon bene a titin Dengfeng. Akwai wani tsohon littafin Turawa na baraden zamanin da, masu sulke da kwalkwali da dogon mashi, wanda masu shirya fim suka kasa rabuwa da shi. Kowane zamani sai wani ya sake mayar da shi fim. Uku daga cikin finafinan nan sun bi ta hannuna, kuma a kansu na koyi duk abin da na sani.

Ba fim ne ya kawo ni nan Guangzhou ta ƙasar China ba. Riguna na zo saye a manyan kantunan Guangyuan, kamar kowa. Wata rana da azahar muna cin shinkafa a wani ƙaramin gidan abinci, sai na shiga kwaikwayon yadda wani ɗan kasuwar Kwari ta Kano ya yi ciniki da wata 'yar China, ina yin muryarsa ina yin tata. Mutane suna ta dariya, ban da wani dattijo a teburin gefe. Da na gama ya ce, "Ɗan Kano, sake yin ta macen." Na sake. Ya ce, "Numfashinka ya yi gajere, amma kunnenka yana ji. Gobe ka zo ka same ni." Shi ne Malam Haruna, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe yana wasan kwaikwayo a rediyo kafin ya zo nan.

Ɗakin da ya kai ni bai fi shagon tela ba. An manne bangon da soso da tiren ƙwai, an rataya bargo a ƙofa. Makirufo ɗaya ne, abin sawa a kunne biyu, sai kwamfuta da allon da fim ke tafiya a kai. In za a ɗauki murya dole a kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda ƙararta, kuma kun san zafin garin nan da gumi. Mai wurin wata 'yar China ce, muna kiranta Lawban, wato mai gida da yarensu. Ita ke sayen tsofaffin finafinai da takardun izininsu, mu mu juya su Hausa, 'yan kasuwa su kwasa zuwa Kano da Yamai da Kumasi. Da a faifai suke tafiya, daga baya a katin waya.

Aikina na farko ba magana ba ne. Wata takwas ban furta kalma ɗaya a makirufo ba. Tsofaffin finafinan nan, in ka cire muryar Bature, sai ƙarar doki da ta takobi su tafi tare da ita, dole ka sake ƙirƙiro su. Malam Haruna ya ba ni ɓawon kwakwa biyu da faranti cike da yashi, ya ce in yi tafiyar doki. Na yi. Ya ce, "Wannan jaki ne. Dokin nan yana ɗauke da mutum da ƙarfe, ƙafarsa ta baya ta fi nauyi." Sati biyu na yi a kan farantin nan. Ƙarar sulke kuwa da sarƙar jakar mata muke yin ta, irin wadda ake sayarwa da awo a kasuwa. Siririyar tana ba da ƙarar barde yana tafiya, mai kaurin tana ba da ta faɗuwarsa daga kan doki. Har yau suna cikin akwatin can, ku duba.

Sai aka zo kan leɓe, wanda shi ne ainihin sana'ar. Bature zai faɗi abu cikin gaɓa huɗu, Hausa tana bukatar tara. In ka cusa taran, bakinsa ya rufe kai kana magana, mai kallo zai ji wani iri ko da bai san dalili ba. Kuma duk inda leɓensa suka haɗu, dole kalmarka ta zo da harafin "ba" ko "ma" a daidai wurin. Malam Haruna yakan tsayar da hoto ya ce, "Ƙirga." In ƙirga sau nawa bakin ya buɗe, sannan in nemo jimlar da za ta shiga. Akwai jimlar da na kwana uku ina nema. Sauƙin da ake samu a finafinan barade ɗaya ne: in barde ya rufe fuskarsa da kwalkwali, ba a ganin baki, sai ka faɗi abin da kake so. A nan mukan kara kofin silba kusa da baki don muryar ta fito kamar daga cikin ƙarfe.

Fim na farko tsoho ne ƙwarai, launinsa duk ya kwashe. Labarin wani barde ne da aka kashe mahaifinsa, sai ƙaddara ta sa ya ɗauki alkawarin kare 'yar mutumin da ake zargi da kisan. Malam Haruna ya nemo min littafin cikin sauƙaƙan Turanci, ya ce ba zan taɓa makirufo ba sai na karance shi, don wanda bai san abin da aka yanke daga littafi ba, ba zai gane dalilin fushin barde a fim ba. Sau uku na karanta da ƙamus a gefe. Ranar da ya ce, "Kai za ka yi barden," sai da na fita baranda na tsaya kaɗan kafin in iya amsa masa.

Fim ɗin ya karɓu. Lokacin baje koli a Pazhou, in 'yan kasuwa suka cika gari, sai ka ga mutum ya hawo bene shida yana haki yana cewa a nuna masa Barde. Su tarar da gajeren mutum mai tumbi yana shan shayi. Wani Alhaji daga Damagaram ya ƙi yarda, sai da na rufe ido na yi masa rantsuwar barden, wadda yake yi a gaban yarinyar, sannan ya rungume ni. Daga nan sunana ya ɓace a Dengfeng. Mai canji, mai gyaran waya, mai abinci, kowa Barde yake ce min. Da fim na biyu ya zo bayan shekara biyar, ba a ma tambayi wanda zai yi shi ba. Wannan na biyun sun yanke rabin littafin, sun ba yarinyar takobi, sun cika shi da faɗa. Ban so shi ba, amma na yi shi da kyau.

Sai shekarar annoba. Jirage suka tsaya, 'yan kasuwa suka daina zuwa, titin nan da ba ka samun wurin taka ƙafa ya koma fayau. Malam Haruna ya samu jirgin ƙarshe ya tafi Maraɗi, bai kuma dawo ba, don ƙafafunsa sun riga sun gaji. Lawban ta rufe situdiyo. Da muka buɗe ƙofar daga baya, danshi ya cinye soson bango, makirufon ya yi tsatsa. Ni kuwa a tsakanin nan aikin ɗaure kwali na samu a wani sito a bayan gari. Ƙurar wurin ta sa min tari na wata da watanni, kuma da tarin ya tafi bai mayar min da muryata yadda ya same ta ba. Ta yi kauri, ta yi ƙasa. Na ji hakan da kunnena, amma na ce wa kaina ba wanda zai lura.

Fim na uku mai dogon zango ne, kashi talatin da biyu, kuma shi ne ya fi bin littafin sau da ƙafa. Barden ciki matashi ne, fuskarsa a buɗe kusan koyaushe. Lawban ta sayi sabon makirufo, ta ce wannan karon za a gwada muryoyi. Na ɗauka al'ada ce kawai. Cikin waɗanda suka zo har da Fuseini, wani ɗan zangon Kumasi mai harkar tura kaya a jirgin ruwa, mutum mai shekara talatin da 'yan kai, dogo, mai yawan fara'a. Abokinsa ya rako, aka ce shi ma ya gwada. Lawban ba ta jin Hausa ko kalma goma. Rufe ido take yi ta saurara. Ta saurari tawa, ta saurari tasa, ta sa aka maimaita tasa. Sannan ta juyo ta ce min da guntun Turancinta, "Sani, muryar saurayi, meyo." Meyo shi ne babu. Kalmar da masu shago ke faɗa maka in ka nemi abin da ya ƙare.

Ta ba ni kujerar Malam Haruna. Ni zan rubuta fassarar, ni zan sa abin kunne in ce wannan ta yi, wannan a sake. Ta kuma ba ni muryar mahaifin barden, wanda ake kashewa tun a kashi na farko, da ta wani mugun hakimi. Kowa ya ce an ɗaga ni. Na ce na gode.

Hausar Fuseini ta zango ce. Yakan ce wa mace "ya zo," kuma ƙa da ka duk ɗaya ne a bakinsa, haka ɗa da da. Na gyara masa na mace da namiji, ya kama cikin sati guda. Sauran kuwa sai na riƙa kauce musu a rubutu, ina zaɓo masa kalmomin da ba za su tona shi ba, don haka aikin yake. Abin da ban iya jurewa ba shi ne yadda komai ke zo masa a sauƙaƙe. Akwai wurin da barden ke magana yana hawa tsani da rauni a kafaɗa. Irin wannan sai da na shekara uku kafin in iya raba numfashi da magana a cikinsa. Fuseini ya kalla sau ɗaya, ya dafe kafaɗarsa, ya yi shi a ɗauka ɗaya. Na ce a sake. Ya sake, ta fi ta farko kyau. Ya leƙo ta gilashi yana murmushi ya ce, "Baba Sani, ya yi?" Na ce, "Da saura, amma mu wuce."

Da kashi goma na farko suka fita, muka shiga gidan abincin nan tare da shi wata Juma'a bayan masallaci. Mai abincin ya ɗaga murya ya ce, "Barde, sannu da zuwa!" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni yake kallo ba.

A kashi na goma sha biyu rantsuwar take. Barden yana durƙushe gaban yarinyar, an matso da fuskarsa ta cika allo. A finafinai biyun baya abin da na faɗa shi ne, "Na rantse da kabarin mahaifina." Rantsuwar mutanen fim ce, ba tamu ba, haka muke barinta. A wannan ma kabari ne ya dace, don leɓen ɗan wasan suna haɗuwa a tsakiyar kalmar, daidai inda harafin "ba" yake. Na rubuta kabari. Na zauna ina kallon takardar. Sannan na soke shi na rubuta ƙashi. Na san abin da nake yi, kuma na san abin da zai fito daga bakin Fuseini.

Ya shiga ɗakin ɗauka, ya ce a saki hoton. Ban taɓa jin an yi wannan wuri kamar yadda ya yi shi ba, har da ni. Muryarsa ta karye a daidai inda ta kamata, ta kuma miƙe. Kuma a tsakiyar wannan kyau ya ce ya rantse da kashin mahaifinsa, da ka irin ta bayan gida. Lawban tana goge ido, ta dube ni. Na ɗaga mata babban yatsa. Aka wuce.

Kwana goma bayan fitar kashi na goma sha biyun, wani ya yanko wurin ya saka a waya. Ya zaga Kano, ya zaga Yamai, ya dawo mana nan Dengfeng. Yara suna maimaitawa, ana ɗora shi a kan wasu hotuna. Mutanen da ba su taɓa jin labarin fim ɗin ba suka shiga nemansa, kuma da suka kalla don dariya sai labarin ya kama su, suka zauna har ƙarshe. Lawban ba ta taɓa ganin nema irin wannan ba. Sunan Fuseini ya kai inda nawa bai taɓa zuwa ba cikin shekara goma. Na haƙa masa rami, ga shi ya ƙara tsawo a idon mutane. A ranakun nan ko gaisuwar kirki ba na iya amsawa.

Amma Fuseini ya daina zuwa. Sati biyu wayarsa a kashe, ga kashi takwas ba a ɗauka ba. Ana cikin haka Malam Haruna ya kira ni daga Maraɗi da safe. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Sani, na ga abin da ke yawo. Wa ke sanye da abin kunne ranar?" Na ce ni ne. Ya ce, "Leɓen yaron fim ɗin sun haɗu a tsakiyar kalmar. Ƙashi ba shi da wurin haɗa leɓe. Kai da na sa ka kwana uku kan jimla ɗaya ba za ka yi wannan kuskure ba." Sannan ya ce, "To, ka san inda Fuseini yake," ya kashe wayar.

Na same shi a sitonsu da la'asar, yana zaune kan kwali yana lissafin lambobin kaya. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya ce, "Baba Sani, ba dariyar mutane ta dame ni ba. Babana ya rasu a shekarar cutar nan, ina nan, ban samu zuwa jana'iza ba. Ranar da na yi wurin nan, shi nake gani. Yanzu yayana ya kira ni daga Kumasi, ya ce yara suna bin ƙofar gidanmu suna faɗin maganar, tsohuwarmu tana ji." Sannan ya ce, "Ni ban san bambancin ba. Amma kai ka ji a lokacin?"

Na ce, "Na ji. Ni na canza kalmar don ka faɗe ta haka."

Ya ce, "Saboda me?"

Na ce, "Saboda ka fi ni iyawa."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban matsa ba. Abin da ya ce shi ne, "Za ka gaya wa Lawban da bakinka. Kuma za ka koya min harafin nan har in iya, a sake ɗaukar wurin. Ba kabari ba, kalmar da ka rubuta ita zan faɗa, daidai." Na ce masa ba ta dace da leɓen ba. Ya ce bai damu ba.

Na gaya wa Lawban a gabansa. Ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba, kuma daga ranar duk fassarar da na rubuta sai wani ɗalibi ɗan Katsina da ke jami'a a nan ya karanta kafin a ɗauka. Har yanzu haka ake yi. Shekara goma sha bakwai a sana'a, ana duba min aiki, kuma ba ni da bakin cewa komai.

Kwana tara muka yi ni da Fuseini a kan harafi ɗaya. Wanda aka haifa da ƙa a bakinsa bai san yadda yake yin ta ba, sai da na tsaya gaban madubi na gano. Kulle maƙogwaro ake yi, a riƙe numfashi, a saki harafin shi kaɗai ba iska a bayansa. Na riƙe masa takarda a gaban baki: in ta motsa, "ka" ya faɗa, in ba ta motsa ba, "ƙa" ce. Ƙofa, ƙasa, ƙarfe, ƙashi, safe da yamma. A rana ta tara takardar ta tsaya cak. Muka ɗauki wurin. Bai kai na farko kyau ba, don irin wancan ba ya zuwa sau biyu, amma kalmar ta fita tsaf. Ya tura wa mahaifiyarsa a ranar. 'Yan kasuwa kuwa da yawa suka ce su tsohon suke so, Lawban ta ce musu meyo.

Muka ƙarasa kashi takwas ɗin. A na ƙarshe barden ke kashe mugun hakimi, wato ni, kuma tare muka tsaya a makirufo ɗaya, kafaɗa da kafaɗa cikin zafi. Da aka gama ya miƙo min ruwa, na karɓa.

Kada ku ɗauka abin ya bar ni. Ko jiya da na ji muryarsa tana fita daga wani shagon waya, sai da na sauya hanya. Watan da ya wuce Lawban ta kira ni ta ce an sake yin wani sabon fim na littafin nan, na huɗu ke nan, ta samu izininsa. Ta ce barden ciki dattijo ne a wannan karon, sun fara labarin daga tsufansa, muryata za ta iya shiga. Ta ce in kalla in faɗa mata gaskiya. Na kalla sau biyu ni kaɗai, na gwada wuri uku a makirufo, na saurara. Sannan na kira Fuseini na sa ya gwada wuraren nan, ya saukar da muryarsa ƙasa. Na saurari tasa.

Na cire abin kunnen na ce wa Lawban, "Ki ba Fuseini."

Ranar Litinin za mu fara. Wanda yake son koyo a cikinku ya zo da wuri, ya ɗauko ruwan shansa, don in aka rufe ƙofar nan ba mai fita sai azahar.